Yadda zaka shirya yawon bakin teku a tsibiran Zanzibar ba tare da an mayar da kai gara ba

Tun da na dawo daga Zanzibar tambayoyi suke ta zuwa min, wani yace nawa zai tanada, wani yace wai da gaske ne mu ba a bamu biza a filin jirgi, wata baiwar Allah kuma tace ita da angonta suke son zuwa bayan biki amma tana tsoron kar suje su tarar wurin duk tsiraici ne. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, toh ga shi nan a jere yadda zan yi in da yau zan sake komawa. Abu ɗaya ka riƙe tun daga nan, mu mutanen tudu ne, ruwan da muka sani shi ne irin na Tiga ko kogin Kwara, inda ka barshi da safe nan zaka tarar dashi da yamma. Teku ba haka yake ba. Yana tafiya yana dawowa sau biyu a kwana ɗaya, kuma duk shirin da baka ɗora akan wannan kai-komon ba kuɗinka ne zai bi ruwa.

1. Fara da zaɓen wata

Damina biyu suke da ita. Babbar, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu ce, Afrilu ne tsakiyarta, ruwa kamar da bakin ƙwarya, otal yana araha sosai wasu ma rufewa suke, amma araha bata ado, zaka iya kwana uku a ɗaki kana kallon taga. Ƙaramar, vuli, wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba, ita yayyafi ne da ruwan awa ɗaya ko biyu sai gari ya washe. Ni a ganina Yuni zuwa Oktoba ya fi, ba zafi sosai ga iska. Janairu da Fabrairu ma teku yana kyau amma akwai zafi mai gumi, ba irin namu busasshe ba.

Gargaɗi: daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara komai ninkawa yake, ɗaki, mota, kwale-kwale. In kuma tafiyarka ta faɗo cikin azumi ka sani mutanen tsibirin kusan duk Musulmi ne, gidajen abinci na cikin gari da yawa a rufe suke da rana, kuma ko matafiyi ne kai baka azumi kar ka tsaya bakin titi kana kurɓar ruwa, abin kunya ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu.

2. Takardu, tun kafin ka taɓa maganar tikiti

Nan mutanenmu suka fi yin asara. Zanzibar ɓangare ne na Tanzaniya tun 1964, don haka bizar Tanzaniya zaka nema. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Cadi yana cikin jerin waɗanda ba a basu biza a filin jirgi, sai an tura takardunsu an duba an amince tukuna. A shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya ake cikewa ta intanet, kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50, kuma su da kansu suna ba da shawarar ka nema kamar wata biyu kafin tafiya, kar kuma ka biya kuɗin jirgi ko otal sai amsa ta fito. Mai fasfon Gana shi ya huta, baya buƙatar biza.

Bayan biza sai abu uku. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin shawara, wannan katin mai ruwan ɗorawa, ana tambayarsa ga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu, kuma sai allurar ta kwana goma take aiki, don haka ba ranar tafiya ake zuwa yinta ba. Sai inshora: tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar dole ya sayi inshorar kamfanin gwamnatinsu, Zanzibar Insurance Corporation, dala 44 ga babba, tana aiki har kwana 92, yara ana musu ragi. Ko kana da wata inshorar daga gida ba ruwansu, wannan ɗin suke son gani. Ka biya tun kana gida, ka buga takardar a fefa ka kuma ajiye hotonta a waya.

Gargaɗi: akwai shafukan bogi masu kama da na gwamnati da suke karɓar ninkin kuɗin. In ka ga kuɗin ya haura abin da na faɗa ka tsaya ka sake duba adireshin.

3. Jirgi

Daga Kano, Abuja, Legas ko Yamai hanya mafi sauƙi ita ce Ethiopian ta Addis Ababa, daga can kai tsaye filin jirgin Abeid Amani Karume da ke bakin birnin Zanzibar. Akwai Kenya Airways daga Legas ta Nairobi. Wasu suna sauka Darussalam, birnin Tanzaniya da ke tsallaken ruwa, su hau jirgin ruwan fito, kamar awa biyu ne a ruwa, baƙo yana biyan wajen dala 35 a kujerar talakawa. In zaka bi nan ka shiga ofishin sayar da tikiti da ƙafarka, kar ka miƙa fasfo ko jaka ga samarin da zasu tare ka tun daga bakin titi. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

4. Wane gefen tsibirin zaka kama ɗaki

Wannan shi ne matakin da yake gyara tafiya ko ya ɓata ta. Babban tsibirin sunansa Unguja, shi ne kowa yake kira Zanzibar, kuma hotunan da kake gani a Instagram ba sa gaya maka ƙarfe nawa aka ɗauke su.

Can ƙuryar arewa akwai Nungwi da Kendwa, kamar kilomita 60 daga birni, awa ɗaya da rabi a mota. A nan gaɓar tana da zurfi da wuri, ruwan baya janyewa da nisa, kusan kowane lokaci zaka iya shiga, kuma rana a gabanka take faɗawa cikin teku. Kuɗinsa shi ne hayaniya, Turawa birjik, kiɗa da daddare, a Kendwa ma duk farin wata akwai casun da ake kaiwa asuba, in da iyali kake ka tambayi otal nisansu da wurin kafin ka biya.

Gabas kuma, Matemwe, Kiwengwa, Pongwe, Bwejuu, Paje, Jambiani, yashin fari ne sol mai laushi kamar garin fulawa, ga shiru, ɗakuna sun fi sauƙin kuɗi, amma in ruwa ya janye yana iya tafiya kilomita guda ko fiye, ka fito da tawul a kafaɗa ka tarar ba teku sai fili da gonakin ciyawar ruwa da mata suke nomawa da turaku da igiya. Paje wurin masu wasan lilo da iska ne a kan ruwa, samari sun fi sonsa. Jambiani ƙauyen masunta ne, ni nan ya fi kwanta min.

Shawarata ga mai kwana bakwai: biyu a tsohon birni, Stone Town, biyu ko uku a gabas, sauran a arewa. Kar ka kama ɗaki ɗaya na sati guda ka riƙa zirga-zirga daga can, kuɗin tasi kaɗai zai cinye ka. Kuma ka tambaya ko kuɗin ɗakin ya haɗa da harajin kwana da gwamnati take karɓa kan kowane mutum kowane dare, 'yan daloli ne amma ba daɗi a tare ka dashi ranar fita.

5. Abin da zai shiga jaka

Takalmin roba mai rufe ƙafa na shiga ruwa, wannan kar ka manta dashi ko zaka manta da komai, silifas baya yi. Jakar waya wadda ruwa baya shiga. Hula mai faɗi da tabarau. Man kare fata daga rana, eh har mu baƙaƙe, na yi gardama akan wannan sai da kafaɗata ta yi saɓa kamar maciji. Maganin shafawa na sauro da na amai ga wanda bai taɓa hawa ruwa ba. Soket ɗinsu irin na Najeriya ne mai ƙafa uku, cajarka zata shiga.

Maza, wando mai wuce gwiwa da riga mara nauyi ya isa. Hajiya, ki nemi kayan wanka masu rufe jiki na yadin da baya shan ruwa, da ƙaramar hular kai mai kama wuya. Dan Allah kar ki shiga teku da dogon hijabi ko abaya, in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafa, igiyar ruwa ɗaya ta isa ta kayar dake. Ki ajiye zani a gaɓa ki yafa in kin fito, matan garin ma haka suke yi da kanga ɗinsu, ba wanda zai kalle ki.

Gargaɗi: an hana ledar zuba kaya a Tanzaniya tun Yuni 2019, ka cire baƙar leda daga kayanka. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto kuma sai da izini, in baka dashi barshi a gida.

6. Ranar sauka: kuɗi, layi, mota, agogo, alƙibla

Ka zo da dala a hannu, sababbi, waɗanda aka buga kafin 2009 yawanci ba sa karɓa, kuma 'yan ɗari da hamsin sun fi samun canji mai kyau. Kar ka dogara da katin naira. Kuɗinsu shilin ne, dala ɗaya tana yawo a wajen 2,500, babbar takardarsu 10,000 ce don haka dala 200 kawai zata cika maka aljihu. Canza kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin birni. A ƙauyukan bakin teku na'urar cire kuɗi ɗaiɗai ce, kuma takan ƙare.

Layin waya da fasfo ake yin rajista, akwai Vodacom, Airtel, Halotel da Yas wanda ya haɗe tsohon Tigo da Zantel. Tasi daga filin jirgi zuwa Nungwi ko Paje ana fara tambayar dala 50 zuwa 60, da ciniki yana sauka, a gama magana kafin jaka ta shiga but. Mai ƙaramin ƙarfi ya je tashar dala-dala, motocin haya kenan, mai lamba 116 ita ke zuwa Nungwi, 'yan dubban shilin ne kawai, sai dai zaka zauna da kwandon kifi da buhun gawayi. In hayar babur ko mota zakayi, hannun hagu suke tuƙi kuma sai an yi maka takardar izinin tuƙi ta Zanzibar ban da lasisinka, 'yan sanda suna tambaya a hanya.

Yanzu ga abin da ya ci ni. Mutanen nan daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, awa ɗaya. Na yi ciniki da wani mai kwale-kwale ya ɗaga min yatsu biyu yace saa mbili, ni kuma na tafi na kwanta da niyyar fitowa ƙarfe biyu bayan azahar, ashe takwas na safe yake nufi, bawan Allah ya jira ni har ruwa ya janye jirginsa ya zauna a yashi, ranar ta tafi, kuɗin kafin alƙalamin da na bashi ma ya tafi, kuma laifina ne. Duk wanda ya baka lokaci ka nuna masa a fuskar agogon waya.

Alƙibla kuma arewa ce ba gabas ba, Makka tana saman su kusan a miƙe. Masallatai ko'ina, yawancinsu Shafi'awa ne. Zaka ji kalmomi kamar na gida, asubuhi, alasiri, magharibi, Alhamisi, Ijumaa. Ka haddace uku: bei gani wato nawa ne, punguza wato rage, hapana asante wato a'a na gode.

7. Karanta jadawalin ruwa kafin ka tsara kowace rana

Sauke manhajar da ke nuna cika da janyewar teku, ko ka duba allon da otal-otal na gabas suke rubutawa kullum. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, don haka in yau ka yi wanka ƙarfe uku, bayan kwana huɗu ƙarfe uku ba lallai ka samu ruwa ba.

Mu da muke bin watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi. Wajen tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar ruwan yake cika maƙil ya kuma janye can da nisa, suna kiran wannan bamvua, a irin ranakun da hantsi yake janyewa ya dawo ya cika wajen la'asar. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuma maji mafu, mataccen ruwa, baya cika sosai baya janyewa sosai. In kana son takawa cikin filin teku ka ga halittu, bamvua. In wanka kake so a gabas, daga awa biyu kafin cika zuwa awa biyu bayanta.

Gargaɗi, kuma wannan da gaske nake: in ka taka ka bi ruwan da ya janye, ka juyo da zarar lokacin ƙarshen janyewa ya yi. Ruwan baya dawowa ta gabanka kamar yadda kake zato, kwaruruwan da ke bayanka yake fara cikawa. A Jambiani na yi nisa ina kallon wata dattijuwa tana zaƙulo pweza, wannan halittar mai hannu takwas, da ɗan sanda daga cikin rami, ban ankara ba na ga ta ɗora bokitinta a ka ta kama hanya tana min nuni da hannu in biyo ta, kwarin da na tsallaka ruwa iya idon sawu yanzu ya kai min ƙugu yana ja gefe, ga silifas ɗaya ya tafi, a haka na taka bushiyar teku. Ƙayarta baƙa ce doguwa mai karyewa a cikin nama, kwana huɗu ina ɗingishi. In ta same ka kar ka tona da allura, jiƙa ƙafar a ruwan zafi iya wanda zaka jure, mutanen garin suna shafa ƙaron ɗanyen gwanda, in ta shiga gaɓar ƙashi ko wurin ya kumbura ka tafi asibiti, ai don haka ka biya dala 44 ɗin nan. In ka ga matan ƙauye sun nufo gida, kai ma ka nufo.

8. Fita cikin teku da ciniki da masu jirgi

Da zarar ka taka yashi samari zasu zo, mutanen gari suna kiransu papasi, wato kaska, ka ga sunan ya isa bayani. Ba duka ne macuta ba, wasu ma sun fi otal sauƙi nesa ba kusa ba, amma ga ƙa'ida: kafin alƙalami kaɗan, cikon sai an dawo. Kafin ka biya ka tambayi abu biyar, mutum nawa ne a jirgin, akwai rigar ceto ta kowa har yara, kuɗin ya haɗa da na shiga da na hukumar kare teku, akwai abinci da ruwan sha, ƙarfe nawa za a dawo. In ya fara kame-kame akan rigar ceto ka wuce. In baka iya ruwa ba ka faɗa da bakinka tun a gaɓa, ba abin kunya bane, ruwa ba sa'an kwando bane.

Daga Stone Town, tsibirin Changuu da ake kira Prison Island, kamar rabin awa. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu ciwon shawara ya koma. Manyan kunkuran da ke can asalinsu kyauta ce daga Seychelles a 1919, wasu sun haura shekara ɗari, ana rubuta shekarun a bayansu da fenti. Jirgi sukutum ana samu dala 30 zuwa 40 ku raba, kuɗin shiga daban. Yawanci ana haɗa shi da Nakupenda, tudun yashi ne kawai a tsakiyar teku wanda yake nutsewa in ruwa ya cika, babu bishiya babu banɗaki, sai rumfar da masu jirgi suke kafawa su gasa kifi da jatan lande. Ka zaga kafin ku tashi, kuma kaga a nan ma jadawalin ruwa ne zai ce je ko kar ka je.

Daga Matemwe ko Nungwi ana zuwa Mnemba kallon kifi da murjani da tabarau da bututun numfashi. Tsibirin kansa na masu otal ne, ba a sauka, a ruwan kewayensa ake tsayawa. Ku fita da sassafe kafin jirage su yi yawa, kuma daga Matemwe ya fi kusa, mai amai ya lura da wannan. Ana tambayar dala 30 zuwa 50 kan mutum a jirgin haɗaka. Ka gwada tabarau ɗin a fuskarka tun a gaɓa, in yana yoyo a canza.

Wanda ya fi burge ni shi ne yinin Menai, daga ƙauyen Fumba, a jirgin katako mai tafiya da iska, a tsaya tudun yashi, a shiga lungun itatuwan mikoko masu tsiro cikin ruwan gishiri, a ci abinci a tsibirin Kwale inda wata tsohuwar kuka ta faɗi amma taƙi mutuwa. Ya fi tsada, dala 50 zuwa sama, amma yini guda ne cur da abinci. Mai son wurin da ba cunkoso kuma aljihunsa da nauyi ya nemi Chumbe, mutane ƙalilan suke ɗauka a rana, sai ka kama wuri tun da wuri.

Kizimkazi a kudu wurin dolfin ne. Gaskiya abin da na gani bai min daɗi ba, jirage goma suna bin dabbobi da gudu mutane suna faɗawa kansu. In zaka je ka gaya wa mai jirgi ya kashe inji ku kalla daga nesa. Amma kar ka bar garin baka shiga masallacin Kizimkazi Dimbani ba, rubutun Kufi da ke jikin mihrabinsa yana ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107.

Gargaɗi: kar ka tsaya akan murjani, yana yanka kuma takawa tana kashe shi. Kar ka ɗago tauraron teku daga ruwa don hoto. Kuma ko waye ya miƙo maka naman kififiyar teku kar ka ci, ban da haramcin doka yana zuwa da guba, a Maris 2024 mutum tara suka rasu a tsibirin Panza na Pemba, wato ɗaya babban tsibirin na Zanzibar, takwas yara ne.

9. Dajin Jozani

Shi kaɗai ne gandun daji na ƙasa a Zanzibar, kamar kilomita 35 daga birni, akan hanyar Paje yake, don haka ka saka shi ranar da zaka tashi daga birni zuwa gabas, direba ya jira ka da kaya, ka huta biyan mota sau biyu. Kuɗin shiga bai kai dala 20 ba kuma ya haɗa da ɗan rakiya, sai ɗan ihsani da zaka bashi. Awa biyu ta isa. Kashi uku ne: cikin daji, wurin birai, sai gadar katako cikin mikoko.

Jan birin nan da suke kira kima punju babu shi ko'ina a duniya sai tsibiran nan, basu kai 6,000 ba. Bayansu ja, gashin kai fari a tsaitsaye kamar tsohon da ya tashi daga barci, kuma suna cin gawayi don ya kashe musu dafin ganyen da suke ci. Je da safe. Bar tazarar taku uku ko huɗu, kar ka basu abinci, in kana mura ka haƙura don suna ɗaukar cutar mutum. Takalmi rufaffe, akwai tururuwa masu cizo. In da sauran lokaci akwai kogon Kuza a Jambiani mai ruwa garai-garai, yana da zurfi fiye da yadda ido yake nunawa.

Gonakin kayan ƙamshi na wajen Kizimbani rabin yini ne, zaka ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu. Ka riƙe canjin shilin, yaron da ya hau kwakwa da wanda ya saƙa maka hular ganye duk suna sa rai.

10. Yammacin Forodhani

Lambu ne a bakin ruwa gaban tsohuwar ganuwa a Stone Town, shiga kyauta. Je bayan la'asar ka ga samari suna tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku, bayan magariba kuma a kunna fitilu a jera tebura. Sha ruwan rake da citta da lemun tsami, ci urojo, wani romo ne mai tsami da dankali da su ƙosai-ƙosai a ciki. Tambayi kuɗi kafin a ɗora komai a wuta. Kifin da aka jera tun ɗazu ana ɗumamawa ni bana ci, wanda aka gasa ɗanye a gabana kawai, cikin da ya ɓaci yana cinye kwana biyu daga cikin bakwai.

11. In zaka ƙara da Pemba

Sai mai kwana goma ko fiye. Ƙaramin jirgin sama kamar rabin awa ne zuwa Chake Chake, na ruwa awanni ne zuwa Mkoani kuma mashigin da ke tsakanin tsibiran biyu yana da haɗari, nan jirgin Spice Islander ya nutse a Satumba 2011 da lodi fiye da ƙima, in iska ta taso ka hau sama kawai. Pemba kore ce shar, tuddai da gonakin kanumfari, baƙi kaɗan. Dajin Ngezi a arewa, bayansa gaɓar Vumawimbi wadda zaka iya yini baka ga kowa ba sai masunta, sai tsibirin Misali da ake cewa sunansa daga msala ne, abin sallah. Ruwan nan yana ja da ƙarfi, kar ka shiga ba ɗan gari. Riƙe tsabar kuɗi, kuma sutura a nan sai an ƙara kamewa.

12. Ranar komawa

Daren ƙarshe ka kwana a birni, minti ashirin ne zuwa filin jirgi, ya fi ka taso daga Nungwi da tsakar dare kana addu'ar kar taya ta fashe. In ka yi nutso da tukunyar iska ka bar kwana ɗaya cur kafin hawa jirgi. Tsaraba a kasuwar Darajani, kanumfari, kirfa, kanga, da ciniki kamar kana Kwari. Zazzage jakar yara ka fitar da katantanwa da guntun murjanin da suka tsinto, an hana fita dasu. Sauran shilin ɗin da ke aljihunka ka mayar dasu dala kafin ka wuce wurin buga fasfo, don in ka kawo su Wapa da wuya ka samu mai karɓa.